Baƙin rami ya yayyaga tauraro: me ya sa 'yan kaɗan ne ke yin feshi?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ga wata tambaya da ta tsaya wa masana sararin samaniya a wuya tun 2011, ina so mu sa ta a faifai.

Ranar 28 ga Maris 2011, tauraron ɗan adam Swift na hukumar NASA ya hango walƙiyar hasken gamma daga sashen taurarin da ake kira Draco. Dama aikinsa ke nan, farautar irin wannan walƙiya, wadda galibi mutuwar ƙaton tauraro ke haifarwa, ta yi daƙiƙu ko 'yan mintuna ta ɗauke. Har an ba ta lamba irin ta 'yan uwanta, GRB 110328A. Sai abu ya ƙi ɗaukewa. Cikin kwana biyu ya sake tashi har sau uku, sannan ya ci gaba da balbala da hasken eksire wata da watanni. Da aka auna wurin da madubin hangen nesa na Hubble, sai ga shi daidai tsakiyar wani ɗan ƙaramin dandazon taurari, inda baƙin rami mai nauyin rana miliyoyi yake zaune, wato wani abu mai tsananin ƙarfin ja da ko haske in ya shige shi ba ya fitowa. Hasken ya yi shekara kusan biliyan 3.8 a hanya kafin ya iso mana. Aka sauya masa suna zuwa Swift J1644+57.

Bayanin da yawancin masana suka tsaya a kai shi ne, wani tauraro ne ya kusanci ramin, ramin ya yayyaga shi, kuma yana cikin cin gawar sai ya harbo wani siririn feshi mai gudun da ya kusa na haske, feshin kuwa ya saito mu.

A shekarar dai aka samu wasu biyu, Swift J2058+05 da Swift J1112-82. Daga nan shiru, sai 11 ga Fabrairu 2022, da na'urar Zwicky da ke Palomar a jihar Kalifoniya ta kama AT2022cmc, wanda haskensa ya yi shekara kusan biliyan 8.5 yana tafe. Yau an ga tauraro ya yayyage sama da sau 100, amma waɗannan huɗu su ne aka fi yarda cewa sun yi feshi irin wannan. Lissafin da aka yi bayan na 2022 ya ce wajen kashi 1 cikin 100 ne ke yi. Ni ra'ayina, ƙarancin na gaske ne, akwai wani sharaɗi da sai ya cika. Mai ja ya zo mu ja.

Maman Hanifa:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin ku shiga ja-in-ja, a taimaka mana mu na baya. Na ɗauka baƙin rami haɗiye abu yake yi ɗungurungum. Ta yaya kuma zai yayyaga tauraro?

Ɗalibar Fiziks:
Anti, bari in gwada, Malam ya gyara min. Ƙarfin jan ramin yana ƙaruwa ne gwargwadon kusantarsa. To tauraro ba ɗigo ba ne, ƙato ne. Gefensa da ke fuskantar ramin ana jansa fiye da gefen da ke baya. Shi kuma tauraro abin da ke riƙe da shi a dunƙule nauyin kansa ne kawai. Duk lokacin da bambancin jan gaba da na baya ya fi ƙarfin wannan riƙon, sai ya miƙe, ya tsinke, ya zama dogon zaren iskar gas.

Ga lissafi. A ce ramin yana da nauyin rana miliyan 1, tauraron kuma irin ranarmu ne. Bakin ramin, wato iyakar da in an ƙetare ba dawowa, yana wajen kilomita miliyan 3 daga tsakiya. Amma yayyagewar tana faruwa tun a kilomita miliyan 70, kusan rabin nisan da ke tsakaninmu da rana. Kin ga tauraron ya riga ya wargaje tun bai kai bakin ba. Wajen rabin jikinsa yana watsewa ya tsere, rabin kuma ya yi kewaye ya dawo, ya taru ya zama faifai mai tsananin zafi yana zagaya ramin.

Abin da ya fi burge ni shi ne, in ramin ya yi girma da yawa, maganarki ce ke tabbata. Bakin yana faɗaɗa daidai da nauyi, nisan yayyagewa kuwa a hankali yake ƙaruwa. In nauyin ya kai na rana miliyan 100, sai su haɗu, tauraro irin rana ya shige gaba ɗaya ba a ga komai ba. Jack Hills ne ya fara wannan lissafi a 1975, Martin Rees ya faɗaɗa shi a 1988, tun ba a taɓa ganin ko ɗaya ba.

Abban Sadiq:
Babu abin gyarawa, ƙanwata. Allah ya ƙara basira.

Baba Alhaji:
'Ya'yana, ni ga inda na tsaya. Kullum kuna gaya mana ko haske ba ya kuɓuta daga baƙin rami. Yanzu kuma kun ce ya harbo feshi. Wanne za mu ɗauka?

Abban Sadiq:
Ranku ya daɗe, duka biyun gaskiya ne. Abin da ke cikin feshin bai taɓa ƙetare bakin ramin ba, a waje aka sarrafa shi aka harba. Bayanin da aka fi karɓa na Roger Blandford da Roman Znajek ne, na 1977. Baƙin rami yana juyawa, kuma in yana juyawa yakan ja sararin da ke kewaye da shi su juya tare. Gas ɗin da ke faifan yana ɗauke da maganaɗisu, yana tura shi har bakin ramin. Juyawar sai ta murɗe layukan maganaɗisun ta sama da ta ƙasa, su kuma su tunkuɗa abin da suka kama waje ta waɗannan fuskoki biyu. Wato ƙarfin daga juyawar ramin ake tatsar sa, ramin yana rage gudu kaɗan-kaɗan.

Feshi kansa ba baƙon abu ba ne. Na dandazon M87 tun 1918 Heber Curtis ya gan shi, ramin da ke harba shi kuwa shi ne aka nuna wa duniya hotonsa a Afrilun 2019. Amma wancan tun kafin kakanninmu yake ci. Na yayyagaggen tauraro kuwa a gaban idonmu ake kunna shi, a gaban idonmu yake mutuwa, cikin shekara ɗaya ko biyu. Darajarsa ke nan.

Baba Alhaji:
Allahu Akbar. Na gane. Ku ci gaba, ina biye da ku.

Ɗan Damagaram:
Malam Abban Sadiq, ni na zo ja. Kun ce huɗu cikin sama da 100, saboda haka feshi ba kasafai ake samunsa ba. Amma kun manta da saiti. In mutum ya riƙe tocila a filin ƙwallo da daddare, wanda aka haska wa fuska shi ke cewa an kashe masa ido, wanda ke gefe kuwa da ƙyar zai san an kunna. Abu mai gudu kusa da haske yana tattara haskensa ne gabansa. In gudun ya kai kashi 99.5 cikin 100 na gudun haske, kusan duk hasken yana cikin kusurwar da ba ta wuce digiri 6 ba. Ku lissafa feshi biyu, na sama da na ƙasa, za ku ga wajen 1 cikin 200 ne zai saito mu. Ashe ko da kowane yayyagaggen tauraro yana feshi, 'yan kaɗan za mu gani. To ina buƙatar wani sharaɗi na musamman?

Ɗalibar Fiziks:
Yaya, lissafin kusurwarka daidai ne, amma akwai gyara a kwatancen. Waɗannan huɗun daga nesa ƙwarai aka hango su, biliyoyin shekarun haske (shekarar haske ita ce nisan da haske ke ci a shekara ɗaya), saboda tsananin haskensu. Sauran 100 ɗin kuwa yawancinsu na kusa ne. Ba a fili ɗaya aka ƙirga su ba. Kashi 1 cikin 100 da Malam ya ambata an riga an cire matsalar saiti da ta nisa a cikinsa.

Ɗan Damagaram:
An cire ta bisa zato, ƙanwata. Sai ka ƙaddara faɗin feshin da gudunsa kafin ka cire. In feshin ya fi yadda aka zata siranta, adadin na ɓoye ya ƙaru. Na AT2022cmc ma wasu masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun ce gudunsa ya kai kashi 99.99 cikin 100.

Abban Sadiq:
Ɗan'uwa, maganarka tana da ƙarfi, amma feshi ba ya ɓuya har abada, kuma a nan hujjata take. Feshin yana kutsawa ne cikin gas ɗin da ke tsakanin taurari, yana ture shi, yana rage gudu. Da zarar ya rage gudu, haskensa ya daina tattaruwa gaba, ya bazu ko'ina, musamman a zangon rediyo. Saboda haka ko da bai saito mu ba, in aka yi haƙuri shekara ɗaya zuwa 'yan shekaru, dole a ji shi a rediyo. Dimitrios Giannios da Brian Metzger sun yi hasashen wannan amo na rediyo a 2011, ana gab da ganin Swift J1644. Bayan nan an bi tsofaffin wuraren da aka san tauraro ya yayyage, aka saurare su da manyan faifan rediyo na VLA da ke jihar New Mexico. Yawancinsu babu wani abu mai ƙarfin na Swift J1644. Da kowa yana feshi irin wannan, da tuni an ji.

Ɗan Damagaram:
To AT2018hyz fa? Shi ma yayyagaggen tauraro ne, an gan shi a Oktoban 2018, nisan shekarar haske miliyan 665. An saurare shi a rediyo da farko, shiru. Sai a 2021, kusan shekara uku bayan nan, Yvette Cendes da abokan aikinta suka tarar yana ta ƙara, kuma ƙarar tana hauhawa da sauri. Wannan ba shi ne ainihin abin da kuka siffanta yanzu ba? Feshin da ya ba mu baya, ya rage gudu, sannan ya bayyana. Kuma da suka bi wasu ashirin da 'yan kai, kusan kashi 40 cikin 100 sun farka a rediyo a makare.

Abban Sadiq:
AT2018hyz na ba ka shi a matsayin mai yiwuwa. Akwai masana da suka fassara shi yadda ka faɗa, irin su Tatsuya Matsumoto da Tsvi Piran. Su waɗanda suka gano shi kuwa da farko cewa suka yi ramin ne ya jinkirta, sai bayan kusan shekara biyu ya fitar da abu mai gudun da zai iya kai rabin na haske. Amma kashi 40 ɗin nan kada mu cusa su duka a buhu ɗaya. Yawancinsu ƙarfinsu bai kai ko kusa da na Swift J1644 ba, kuma gudun da aka auna musu ƙarami ne, irin na iskar da faifai ke hurawa. Ƙara a rediyo daban, feshi mai gudun haske daban.

Injiniya Baban Ummi:
Ni aikina wutar lantarki ne, don haka maganar maganaɗisun ce ta ja ni. Malam, in janareta ce wannan, tana buƙatar abu biyu, juyawa da maganaɗisu. Juyawa ramin yana da ita. Maganaɗisun daga ina? Tauraro ɗaya zai kawo wanda ya isa?

Abban Sadiq:
Injiniya, ka taɓo inda ke yi wa masana ƙaiƙayi. Ba zai kawo ba. An lissafa maganaɗisun da ake buƙata don kunna feshin Swift J1644, aka ga ya ninka abin da tauraro irin rana ke ɗauke da shi sau dubbai. Alexander Tchekhovskoy da abokansa sun kawo shawara a 2014 cewa wataƙila akwai tsohon faifai da ya rage a gefen ramin tun wani cin da ya yi a da, ya dushe har ba a ganinsa, amma yana riƙe da maganaɗisu. Zaren gawar tauraron in ya dawo sai ya ratsa ta cikinsa ya kwaso. Wasu kuma suna ganin sabon faifan ne ke haɓaka nasa da kansa.

Akwai kuma ra'ayi na uku da ya fito daga baya, kuma shi ne ya fi kwanta min. Tauraro ta kowace fuska yake iya zuwa, bai san inda ramin ya karkata ba. In faifan ya karkace daga yadda ramin ke juyawa, sai faifan ya riƙa tangaɗi, feshin ma ya riƙa lilo, kan nasa yana dukan gas mai kauri da ke kewaye maimakon ya huda wuri ɗaya ya fita. Sai ya shaƙe a ciki. Wanda ya yi sa'ar daidaituwa da wuri shi ke ɓullowa. In haka ne, sharuɗɗan sun zama uku: juyawa mai ƙarfi, maganaɗisu mai yawa, da daidaito. Haɗuwar uku a lokaci ɗaya ba kullum ba.

Ɗan Damagaram:
Amma ku lura, Malam, wannan ra'ayi na uku rabinsa nawa ne. Yana cewa ana kunna feshin da yawa, fitowa ce ke gagara.

Abban Sadiq:
Na yarda da wannan. Sai dai ba saiti ne ya ɓoye shi ba, mutuwa ya yi a gida.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Ku gafarce ni, ni duk maganar ce nake wa kallon shakka. Gani ya kori ji. Wa ya ga tauraron? Wa ya ga feshin? Ɗigon haske kuka gani daga nisan shekara biliyan 3.8, kuka gina masa labari mai kai da ƙafa.

Ɗalibar Fiziks:
Allah ya gafarta Malam, tambayar a kan hanya take, kuma gaskiya ne ba wanda ya ga tauraron. Ga abin da aka gani. Hasken eksire na Swift J1644 yana tashi yana faɗuwa cikin daƙiƙa 100 ko makamancin haka. Abu ba zai iya sauya haskensa gaba ɗaya da saurin da ya fi lokacin da haske ke ɗauka ya ratsa shi ba, don haka tushen ƙarami ne ƙwarai, daidai da kewayen baƙin rami mai nauyin rana 'yan miliyoyi. Amma rami mai wannan nauyi yana da iyakar hasken da zai iya bayarwa, wadda ake kira iyakar Eddington, domin in hasken ya yi yawa shi da kansa yake ture abincin. Swift J1644 ya zarce wannan iyaka sau dubbai, in an ƙaddara ko'ina yake haskawa. Ƙaramin tushe da hasken da ya fi ƙarfinsa, hanyar da ta fi sauƙin haɗa su ita ce a ce hasken tattare yake ta wajenmu. Sannan ma'aunin rediyo ya nuna tushen yana faɗaɗa da gudu mai kusantar na haske.

Sai abin da ya fi gamsar da ni. Lissafi ya ce gawar tauraro tana dawowa ne tana raguwa, kuma in ta ragu ƙasa da iyakar Eddington faifan zai sirance, feshin ya mutu. Bayan kwana kusan 500, a 2012, hasken eksire na Swift J1644 ya faɗi farat ɗaya, ninki kusan 170. Na Swift J2058 ma ya yi irin wannan faɗuwar, haka na AT2022cmc.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Wannan hujja ce, ban musa ba. Amma har yanzu ba hoto.

Abban Sadiq:
Akwai mai hoto, Malam, ko da yake ba cikin huɗun nan yake ba. A Janairun 2005 madubin William Herschel da ke tsibiran Kanari ya ga wani haske ya tashi a tsakiyar ɗaya daga dandazon taurari biyu da ke karo da juna, Arp 299, nisan shekarar haske kusan miliyan 150. Ƙura ta rufe wurin, ido ba ya gani, sai na'urar zafi da ta rediyo. Da farko an ɗauka fashewar tauraro ce. Seppo Mattila da Miguel Pérez-Torres da tawagarsu suka bi shi sama da shekara goma da faifan rediyo da aka haɗa daga wurare masu nisa da juna. Daga 2011 ɗigon ya fara miƙewa ta gefe ɗaya, shekara bayan shekara yana tsawo, da gudun da matsakaicinsa ya kai wajen rubu'in na haske. Fashewar tauraro kumbura take yi ta ko'ina, ba ta miƙewa gefe guda. Sun wallafa a 2018, ramin kuma an ƙiyasta nauyinsa da na rana miliyan 20.

A kan wane irin tauraro ne aka ci a Swift J1644 kuwa, akwai saɓani. Julian Krolik da Tsvi Piran sun ce zai iya zama ƙanƙanin mataccen tauraro mai tauri ne, ramin kuma matsakaici. Wannan ƙofar ba a rufe ta ba.

Maman Hanifa:
Malam, mu fa? Na ji an ce akwai irin wannan rami a tsakiyar namu dandazon.

Abban Sadiq:
Akwai, Hajiya, Sagittarius A*, nauyin rana miliyan 4, nisan shekarar haske wajen 26,000. Ranarmu ba ta da hanyar zuwa can. A dandazo ɗaya kuma ana yin shekara 10,000 zuwa 100,000 kafin tauraro ɗaya ya yayyage, balle a ce ya yi feshi, balle feshin ya saito mu. Ki kwantar da hankalinki.

Injiniya Baban Ummi:
Wani abin da na lura, duk na'urorin da kuka lissafa na Amurka da Turai ne. Afirka ba ta da hannu?

Ɗalibar Fiziks:
Tana da shi. MeerKAT da ke yankin Karoo a Afirka ta Kudu, faifai 64, an buɗe ta a 2018, tana cikin waɗanda suka saurari AT2018hyz. A Gana kuma akwai faifai mai faɗin mita 32 a Kuntunse kusa da Akara, tsohon faifan sadarwa ne aka mayar na binciken samaniya a 2017, da niyyar ya shiga irin haɗakar da ta ɗauki hoton Arp 299. A wannan haɗaka, gwargwadon nisan da ke tsakanin faifan gwargwadon kaifin hoton, shi ya sa faifai a Afirka ta Yamma yake da amfani.

Ɗan Damagaram:
To Malam Abban Sadiq, mu koma kan jayayyarmu, don ban sauka ba. Me zai raba gardama a kan AT2018hyz?

Abban Sadiq:
Abin da ya raba wata gardama irinta da ta taso a 2017. A watan Agustan shekarar wasu matattun taurari biyu suka yi karo a dandazon NGC 4993, aka yi ta musu ko akwai feshin da ya ba mu baya ko babu. Da aka haɗa faifan rediyo aka auna wurin sau biyu, watanni a tsakani, sai aka ga ɗigon ya gusa, kuma gusawar a ido ta kai ninki huɗu na gudun haske. Ba wai ya fi haske gudu ba ne. Abu ne da ke bin bayan haskensa kusa-kusa yana ɗan karkato mana, sai lokacin ya taƙaice a wajenmu. Feshi ne kawai ke yin haka. In AT2018hyz feshi ne da ya ba mu baya, dole tsakiyar ɗigonsa ta gusa gefe ɗaya. In kuma iska ce da ta bazu ko'ina, zai kumbura a inda yake.

Ɗan Damagaram:
In ya gusa, za ku sauka?

Abban Sadiq:
In ya gusa, huɗu sun zama biyar, kuma zan yarda cewa sauraron da aka yi wa sauran bai yi tsawon da ya kamata ba, tunda wannan sai da ya shekara kusan uku kafin ya yi magana. Amma kafin in ce kowa yana feshi, sai an samu irinsa da yawa. Madubin Vera Rubin da ke Chile ya fitar da hotunansa na farko a Yunin 2025, kuma ana sa ran zai kama taurari masu yayyagewa dubbai. Aikin da ya rage shi ne a bi na kusa a cikinsu da rediyo, kowanne shekara biyar ko fiye, a ƙirga nawa suka farka da ƙarfi irin na Swift J1644.

Ɗan Damagaram:
Shekara biyar ta yi kaɗan, Malam. Feshin da ya ba mu baya sosai, a wurin da gas ba shi da kauri, zai iya wuce haka bai rage gudu ba. Ni na ce a ba su goma.